Farar Ƙasar Maraɗi da Ƙwan Zabin Yaya Hanne

Tun da na dawo daga Maraɗi bara, matan Islamiyyarmu ta Ƙofar Kaura suka sa ni gaba da tambaya. Wannan ta ce me na je yi, waccan ta ce ita an gaya mata asirin kasuwa na je karɓowa. Ni kuwa na yi gum, don a lokacin gani nake na riƙo abin da zai fisshe mu, ina tsoron bakin mutane. Yanzu babu sauran abin da baki zai ci. Shi ya sa na zauna na rubuta muku tafiyar tun daga tushe, kowa ta karanta ta huta, ni ma in huta da amsa.

Sai na fara da Yaya Hanne, don ita ce dalilin tafiyar. Ita ce babbarmu, uwa ɗaya uba ɗaya. Aure ya kai ta wani ƙauye yamma da Katsina, ta fi shekara ashirin a can. Daminar bara waccan 'yan bindiga suka iske mijinta a gona yana noma, suka harbe shi. Da ta fita takaba ta taho wurina da 'ya'yanta uku da awaki biyu, su ke nan abin da ta tsira da shi. Maigidana Malam, wanda tsohon malamin firamare ne, ya kwashe tarkacen ɗakin ajiya ya ba su, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Amma tuwon mutum shida ne ya koma na mutum goma, Yaya kuma tana da ido. Ta fara cewa ta ƙoshi tun ba a kwashe ba. Wata rana muna tsintar shinkafa ta ce mini damina ɗaya za ta bari ta wuce ta tana zaune, ta biyu kuwa, in ba ta sami sana'ar da za ta riƙe ta a birni ba, za ta koma ta noma gonar marigayi. Na san Yaya. In ta faɗi magana ba ta janyewa.

Ni sana'ata kek da cincin na biki, saboda haka na san ciwon ƙwai. Da damina ƙwan zabi ya cika kasuwa har a rasa mai saye, rabi ya lalace a hannun masu shi. Da rani kuma a neme shi ido rufe. Firijina tuni ya zama kabad, don wutar unguwarmu sai dai mu ji labarinta. Maƙwabciyata Rabi, 'yar Maraɗi ce da aure ya kawo ta nan, ita ta ce mini akwai wata mata a garinsu da ke ajiye ɗanyen ƙwai wata takwas cikin ruwan farar ƙasa, ba wuta ba ƙanƙara. Na ce mata ta daina zuba. Ta rantse da girman Allah ta ci da bakinta. Yaya tana gefe tana jinmu, ita da ta tashi cikin zabi, sai na ga ta ajiye tiren da ke hannunta ta matso. Wannan matsowar ce ta sa na roƙi Malam ya bar ni in bi Rabi.

Mun fita da hantsi, farkon damina, a wata ƙaramar mota da aka cusa mu huɗu a baya. Kusa da ni wata tsohuwa ce za ta Jibiya gaisuwar mutuwa, ta riƙe ƙullin goro a cinya, ta ba kowa ɓari har direba. Daga Katsina zuwa Jibiya ba nisa, amma shingayen masu kaki sun ninka tafiyar. A tsaya, a leƙo, a buɗe but, a rufe. Da farko ana hira, wani Alhaji mai fataucin dabino yana ta ba da labarin yadda da can yakan yi Maraɗi sau biyu a yini. Da muka wuce wata mararraba sai ya bar labarin, kowa ya koma leƙen taga. Hanyar ƙauyen su Yaya ce ta ratse daga nan. Na kalli gonaki, wasu an shuka, da yawa ciyawa ce kawai.

A daidai irin wannan wurin tayarmu ta fashe. Direba ya fita yana kwance noti, Alhajin dabino ya riƙe masa sifana, mu mata muka tsuguna bayan mota. Can sai ga mutum uku sun ɓullo daga nesa da abu a kafaɗa. Tsohuwar nan ta kama hannuna tana kalmar shahada, ni kuwa abin da ya faɗo mini shi ne ban gaya wa Malam inda na ajiye takardun makarantar yara ba. Da suka matso, ashe manoma ne da garmunansu, su ma sun tsorata da mu har sun so su juya. Aka gaisa, suka taya direba ɗaga mota. Har muka isa Jibiya ba wanda ya yi dariyar abin.

A bakin iyaka aka sauke mu, muka bi layi da katunan shaidarmu a hannu. Mai duba kati na ɓangaren can ya tambaye ni abin da zan je yi. Rabi tana taka mini ƙafa in ce ziyara, ni kuma bakina ya riga ya ce koyon ajiye ƙwai. Ya dube ni, ya kira abokin aikinsa ya maimaita masa, suka yi dariya har da dukan tebur. Ya miƙo mini katina ya ce in na iya in dawo in koya wa matarsa. Na ji haushi, amma dariyar ta fi mini a tsare ni.

Mun sauka gidan gwaggon Rabi, Gwaggo Tsahara, mace mai faɗa da kyauta. Tun kafin in sha ruwa ta fara tsokanata, wai su mutanen Maraɗi su ne Katsinawan asali, mu da muka zauna cikin ganuwa masu gadin gida ne. Na ce to mun gode da aka bar mana gidan. Harshensu namu ne, sai dai sun cusa masa kalmomin Faransa da wasu nasu na daban, makaranta lakwal, ɗan acaɓa kabu-kabu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda gari ke mutuwa da tsakar rana, shaguna a rufe, kowa ya kwanta, sai la'asar a sake buɗewa. Mu nan wa ya isa ya rufe shago da rana tsaka? Da safe aka ba ni wani dogon burodi mai tauri da ya kakkarce mini dasashi, Gwaggo ta ce laifin haƙoran Najeriya ne da suka saba da burodi mai laushi kamar katifa. Amma dambun zogalenta ban taɓa cin irinsa ba, na ci har na ji kunya.

Washegari Rabi ta kai ni wurin matar. Sunanta Maman Afi, 'yar Togo ce, Kirista, ta tsufa a Maraɗi tana sayar da kek a bakin makarantu, Hausarta kuwa ta fi ta wasunmu. Ta saurari labarin Yaya ba ta katse ni ba. Da na gama ta tashi ta kai mu wani ɗaki mai duhu da sanyi a ƙarshen gida, inda aka binne randuna cikin yashi har wuya. Ta buɗe ɗaya. Ruwa ne garau, da wani ɓawo siriri a sama, farin gari ya kwanta a ƙasa, ƙwai a jere a ciki. Ta zura ludayi ta ɗauko ɗaya, ta wanke shi tas, ta fasa a kasko. Gwaiduwar ta ɗan baje, amma ba wari ko kaɗan. Ta ce tun daminar da ta wuce yake ciki. Na ci, ƙwai ne kamar na jiya. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, don a cikin kaskon nan na hango Yaya zaune a birni da sana'arta, ba ta koma daji ba.

Kwana uku na yi ina zuwa gidanta. Garin da take sawa su suna kiransa lasho, mu kuma farar ƙasa ce kawai za mu ce. Ta ja mini kunne cewa ba irin wadda magina ke shafe bango da ita ba ce, waccan tana da datti da guba, ko kusa kada ta shiga abinci. Tata ta abinci ce, a leda a rufe wani ɗanta ke aiko mata daga ƙasarsu. Ƙaramin gwangwanin tumatir ɗaya take zubawa a ruwan babbar gora, ta motsa da muciya, ba ta sa hannu don yana cin fata. Ba ƙwai kaɗai take yi da ita ba. Takan jiƙa ɗanyar gwanda ko kabewa a ruwan, ta ɗauraye sau da yawa har santsin ya fita, sannan ta dafa da sukari, sai ta fito ƙaras-ƙaras ba ta narke ba. Masara ma takan tafasa ta da ɗan kaɗan, dusar ta saɓule ba surfe. Na ce mu da kanwa da ruwan toka muka sani. Ta ce duk dangi ne, amma kowa da aikinsa, kada in sa kanwa a madadinta.

Ranar ƙarshe ta ɗauko ƙwai daga akurkin kajinta, da ɗuminsa, ta sa mini a tafin hannu.

“Ɗiyata, abu guda za ki riƙe. Ƙwai yana fitowa da wata riga da ido ba ya gani, ita ke toshe ƙofofin ɓawon. In kika wanke, kin tuɓe masa ita, ruwa ya shiga, ya lalace. Mai kashi a jiki ki ware ki soya. Mai tsabta kaɗai za ki sa, kuma kada a wanke.”

Na ce na ji, na maimaita mata sau biyu. Ta auna mini garin a leda, ta ƙi karɓar komai, ta ce in ce wa Yaya wata tsohuwa a Maraɗi tana yi mata addu'a.

A hanyar dawowa garin nan ya kusa ja mini kwanan waje. A wani shinge mai kaki ya zazzage jakata ya ga farar hoda a leda, nan take fuskarsa ta canza. Na yi bayani, Rabi ta yi, bai saurara ba. Ya dangwala da yatsa ya lasa tun ban rufe baki daga hana shi ba. Sai ga shi yana tofar da yawu yana neman ruwa, abokan aikinsa na dariya. Babbansu ya ce wannan ba kayan maye ba ne, a sallame mu. Amma sun zubar da kusan rabi a ƙasa wajen bincike, na tsuguna ina kallonsa cikin turɓaya ba halin kwasa. Na shigo Katsina da la'asar rungume da sauran.

Da marka ta yi, ƙwan zabi ya faɗi, Yaya ta sayar da awakinta biyu. Na ce ta bar ɗaya, ta ce in za a yi a yi. Muka sayi randuna uku, Malam da kansa ya haƙa musu rami a kusurwar ɗakin ajiyar da su Yaya ke ciki ya zuba yashi. Sauran kuɗin duk muka zuba a ƙwai. Muka yi ta zuwa Batagarawa da ƙananan kasuwannin gefen gari, inda matan ƙauye ke kawo shi a ƙwarya.

Kun san yadda ake sayen ƙwan zabi. Kowace mai ƙwai da kwanon ruwanta a gefe. Ka ɗauka ka saka, wanda ya nutse ya kwanta mai kyau ne, wanda ya taso ya lalace, sai ka goge da tsumma ka sa a naka. Haka muka ga iyayenmu na yi, wanda ya sayi ƙwan zabi bai gwada ba sai a ce bai san ciwon kuɗinsa ba. Yaya gwana ce a wannan, ko ɗan karkacewa ƙwai ya yi a ƙasan kwano sai ta mayar. Ita tana tsomawa, ni ina gogewa ina jerawa. Kuma da yake an ce mini mai tsabta kaɗai, sai na riƙa zaɓen waɗanda suka fi sheƙi. A gida kuwa na kafa doka, kada wanda ya kuskura ya wanke ƙwan nan. Har da Malam na yi wa faɗa ranar da ya ce ko a ɗan ɗauraye su saboda najasa.

Muka jera su a hankali, muka zuba ruwan ya shanye kansu, muka rufe. Watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da na gani a wurin Yaya tun rasuwar mijinta. Ta koma cin abinci. Kullum da safe sai ta yayyafa wa yashin ruwa don randunan su yi sanyi, ba ta yarda kowa ya yi mata. Ta je ta yi magana da masu shayi biyu a bakin titi cewa da rani za ta riƙa kawo musu ƙwan zabi, suka yi mata dariya, ta ce su jira. Ta sa 'ya'yanta a makarantar unguwa. Har ta fara zancen ɗan ɗakin haya da za ta kama kusa da mu, da keken ɗinki ga babbar 'yarta. Ni kuwa a Islamiyya ina tafe ina ɗaga kai, kuna tambaya ina murmushi.

Sanyi na wucewa muka ce lokaci ya yi. Tun kafin ranar na ɗan riƙa jin wani bashi-bashi a ɗakin, na ce wa kaina ɓera ne ya mutu a rufi. Yaya ta yi bisimilla ta ɗaga murfin randar farko. Warin da ya buge mu sai da ya fitar da ni tsakar gida ina kakari. Ruwan da na gani garau a Maraɗi, namu ya yi kore-kore, wasu ƙwayayen sun fashe suna yawo a sama. Muka ce wataƙila wannan ce kaɗai. Ta biyu ta fi ta muni. Ta uku ruwanta da ɗan dama, muka zauna muna fasawa ɗaya bayan ɗaya a kwano, har azahar. Wanda bai ruɓe ba ya sha ruwan, ya yi ɗaci, ko kare ba zai ci ba. Yaya ba ta yi kuka ba. Fasawa kawai take, ta shinshina, ta zubar, ta ɗauko wani, har ta kai na ƙarshe. Maƙwabta suka fara aiko yara tambayar ko masai ne ya fashe. Malam ya samo mai kura ya kwashe ya kai bayan gari.

Da yamma Rabi ta kira mana Maman Afi a waya. Ta bi ni tambaya dalla-dalla. Garin nata na sa? Na ce shi. Awon daidai? Daidai. Ruwan ya rufe su? Ya rufe. An wanke? Na ce wallahi ba a wanke ba, har faɗa na yi a kai. Sai ta tambayi kaji nawa gare ni. Na ce ba ni da ko ɗaya, a kasuwa muka saya.

“To ta yaya kuka san mai kyau?”

“Mun gwada a ruwa mana, Mama, kamar yadda kowa ke yi.”

Sai ta ce ita ba ta taɓa sayen ƙwai a kasuwa don ajiya ba, daga akurkinta zuwa randa ne, shi ya sa bai zo mata a rai ta faɗa ba. Ta ce ƙwan da aka tsoma a kwanon da ɗari suka shiga kafin shi, aka goge da tsumma, ai ya fi wanda aka wanke lalacewa. Masu sheƙin da nake zaɓa kuwa, su ne waɗanda masu saye da yawa suka riga suka tsoma suka ajiye. Tana ta ba ni haƙuri, ni kuwa na san laifin ba nata ba ne. Ta yi mini bayanin rigar ƙwai, na fahimta sarai, na maimaita sau biyu. Sannan na zauna a kasuwa da tsumma a hannuna ina goge ta da kaina, ban ko lura ba, don hannuna ya saba.

Na roƙi Yaya gafara. Ta ce ba ta ga abin yafewa ba, ita ce ma ta tsoma. Na ce akwai sauran gari kaɗan, bana za mu sake, mu sami mai zabi mu riƙa karɓa daga gindinsu. Ta tambaye ni da waɗanne awakin. Malam ya yi mata magana, limamin unguwa ya yi, na kwana biyu ba na cin abinci ko za ta tausaya. Ta ce ta ba birni damina ɗaya kamar yadda ta yi alkawari, gona kuwa in ta sake shekara ba a taɓa ta ba, wasu za su mamaye ta, 'ya'yanta ba za su same ta ba. Abin da kawai na iya ci a kanta shi ne ta yarda ta bar mini yaran.

Na raka ta tasha makonni uku da suka wuce. Kayanta ƙulli ɗaya ne da fartanya sabuwa da Malam ya saya mata yana jin kunyar miƙawa. Da mota ta cika ta leƙo ta taga.

“Hajara, ki riƙe mani ɗiyan nan da kyau. Ƙaramar ba ta son a tashe ta da tsawa. In kin ji shiru kada ki biyo ni.”

Garin nasu waya ba ta shiga sai an hau wani tudu, sau ɗaya ta kira tun da ta tafi. Wannan shi ne abin da na je yi Maraɗi, kuma shi ne abin da na dawo da shi. Wadda ke son koyon ajiyar ƙwai ta zo in koya mata, yanzu na iya, sai dai iyawar ta zo mini a makare. Shekaranjiya aka yi ruwan shuka a Katsina, unguwa ta ɗauki murna, yaran Yaya ma suka fita tsakar gida suna tsalle a ciki. Ni na zauna bakin ƙofa na kasa ce musu su shigo, don na san in ruwan nan ya kai can, da safe uwarsu za ta ɗauki iri ta nufi gonar da aka kashe ubansu, ita kaɗai.